Haƙƙin Kufai a Kan Mai Kallonsa

A arewa maso yammacin ƙasar Kambodiya, kusa da garin Siem Reap, akwai wani tsohon wurin bauta da ake kira Angkor Wat. Kullum kafin gari ya waye ɗaruruwan baƙi kan yi cincirindo a bakin wani ɗan tafki da ke gabansa, kowa da waya a hannu, ana jiran rana ta ɓullo ta bayan hasumiyoyinsa biyar. Da ta fito sai a ɗauki hoto, a tura wa 'yan'uwa da abokai, a wuce neman karin kumallo. A shekarar 2018 kaɗai, baƙi 'yan ƙasashen waje fiye da miliyan biyu da rabi ne suka yanki tikitin shiga yankin, kuma tikitin yini guda dala 37 ne. Yawancinmu ba mu taɓa taka ƙasar ba, amma hotunan sun iso mu, tunda yanzu duniya a tafin hannu take.

In muka kira abin da sunansa na Hausa, waɗannan mutane kuɗi suke biya su ga kufai. Angkor birni ne da ya tashi. Gidajensa sun koma ƙasa, kasuwanninsa sun zama daji, gine-ginen dutse ne kawai suka rage a tsaye. Mu kuwa mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba sai an yi mana bayanin kufai ba. Muna da tsofaffi waɗanda kakanninmu suka nuna mana da yatsa. Muna kuma da sababbi waɗanda masu su na nan da ransu, suna zaune a gidan haya ko a ɗakin ɗan'uwa a cikin gari. Shi ya sa tambayar da ba ta cika damun mai ɗaukar hoto a Siem Reap ba, mu dole ta dame mu: ya dace mutum ya mai da kufan wasu wurin shaƙatawarsa? In kuwa ya dace, wane bashi kufan ke binsa?

Abin da dutse ya riƙe da abin da ya saki

An gina Angkor Wat a farkon rabin ƙarni na 12, zamanin wani sarkin mutanen Khmer mai suna Suryavarman na Biyu, domin bautar Vishnu, ɗaya daga cikin abubuwan bautar 'yan Hindu. Daga baya wurin ya koma hannun mabiya addinin Buda. Gwalalo cike da ruwa, mai faɗin kusan mita 190, ya kewaye shi. Duwatsun kuwa daga tsaunin Kulen aka sassaƙo su, tazarar kimanin kilomita 40. A jikin bangayen an sassaƙa yaƙe-yaƙe da labaran addininsu da siffofin mata kusan 1,800. Kuma shi ɗaya ne cikin wuraren bauta masu yawa a yankin. Akwai Bayon na sarki Jayavarman na Bakwai, mai manyan fuskokin dutse wajen 200 da ke kallon gabas da yamma, kudu da arewa. Akwai Ta Prohm, wanda saiwoyin manyan itatuwa suka nannaɗe bangayensa, har aka ɗauki wani fim ɗin Amurka a cikinsa, aka ƙara masa farin jini.

Sai dai duk wannan dutse na abin bauta ne. Talakawa a ɗakunan itace da jinka suka zauna, sarki kansa fadarsa ta katako ce, kuma duk sun ruɓe. Wani mutumin ƙasar Sin mai suna Zhou Daguan, wanda ya zo cikin tawagar jakadu ya zauna a birnin daga 1296 zuwa 1297, ya bar labarin cewa mata ne ke riƙe da ciniki a kasuwa, kuma gidan mai hali na iya tara bayi fiye da ɗari. Rubutun da aka sassaƙa a Ta Prohm a 1186 ya nuna mutum fiye da 12,000 ne ke hidimar wannan wuri ɗaya, kuma ƙauyuka fiye da 3,000 ne ke kawo abin da ake ciyar da shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a lokacin da birnin ya kai ƙololuwa, mazaunansa sun kai tsakanin 700,000 zuwa 900,000. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya fitowa a hoton fitowar rana.

Tashin birnin ma da dalili. Rayuwar Angkor a kan ruwa ta ginu. Sun haƙa manyan tafkuna, ɗaya daga ciki tsawonsa kilomita 8 ne, faɗinsa kilomita 2, da magudanan ruwa masu kai shi gonakin shinkafa. A ƙarni na 14 da farkon na 15 aka yi ta fari mai tsawo, sannan ambaliya ta biyo baya ta ɓalle magudanan. Ga kuma yaƙi da maƙwabta na Ayutthaya, a ƙasar Tailan ta yau, waɗanda tarihi ya ce sun ci birnin a 1431. Fada ta koma kudu wajen Phnom Penh, jama'a suka riƙa zamewa kaɗan-kaɗan. Fari da yaƙi da ƙaura, duk cikinsu babu baƙo a wurinmu. Wanda ya san wannan, in ya tsaya gaban hasumiyoyin, abu biyu zai gani tare: gwanintar ɗan'adam, da kuma ranar da wata uwa ta ɗaure kayanta ta bar gidan da ta haihu a ciki.

Hujjar masu zuwa

Kada mu yi saurin yanke wa ɗan yawon buɗe ido hukunci, domin yana da hujja, kuma ba mai rauni ba. Tafiya mabuɗin ilimi, gani kuma ya kori ji. Wanda ya taso yana jin cewa wayewa daga Turai kaɗai ta fito, tsayuwar minti goma a gaban Angkor ta isa ta gyara masa tunani. Haka yaron da aka kai shi gindin hasumiyar Gobarau a Katsina, ko bakin rijiyar Kusugu a Daura, yakan dawo gida da wani abu da allo da alli ba su ba shi ba. Sha'awar aikin gwani kuwa ɗabi'a ce mai kyau, ko da gwanin ba addininmu ɗaya da shi ba. Magini ya san darajar magini.

Sannan akwai batun abinci. Kuɗin baƙi ne ke riƙe da direbobi da masu jagora da masu sayar da abinci da ma'aikatan otal na Siem Reap, kuma da annobar korona ta tsayar da zirga-zirga a 2020 an ga irin halin da garin ya shiga. Idon duniya ya kuma taimaka wajen tsare wurin. Lokacin da hukumar UNESCO ta sa Angkor cikin wuraren tarihi na duniya a 1992, ƙasar ba ta gama fita daga yaƙi ba, nakiyoyi na binne a daji, ɓarayi na sare kawunan gumaka. Sai a 2004 aka cire shi daga jerin wuraren da ke cikin haɗari. Kufan da ba mai zuwa ganinsa, sau da yawa ɓarawo ne ke gadonsa.

Mu da muka tashi cikin tarbiyyar Musulunci kuma muna da wata hujjar da ta girmi waɗannan, wato izina. An yi mana horo mu yi tafiya mu ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Amma horon da ladabinsa ya zo. Malamai sun ruwaito cewa a hanyar yaƙin Tabuka, da Manzon Allah (SAW) ya biyo ta Hijir, kufan Samudawa, ya hana sahabbansa shiga gidajen sai in da kuka za su shiga, shi kuma ya rufe kansa ya ƙara sauri. Gaskiya ne Samudawa mutane ne da aka halaka saboda laifinsu, ba kowane kufai ne irin nasu ba. Duk da haka akwai abin ɗauka: shiga kufai ba kamar shiga kasuwa ba ne, akwai halin zuciya da ya dace da shi. Wannan wuri na Hijir tun 2008 yake cikin jerin UNESCO, yau kuma motocin baƙi ne ke kai-komo a cikinsa. Ke nan tambayar ba ta mutanen Kambodiya kaɗai ba ce.

Namu kufaifan

Kakanninmu da laka suka yi gini, laka kuwa in ba a yaɓe ta duk shekara, damina kan mai da ita inda ta fito. Don haka kufanmu ba ya ɗaga murya. Sai wanda ya sani ne zai gane shi: tudun da ya miƙe ya lanƙwasa a tsakiyar gona, ashe ganuwa ce, kukoki sun taru wuri guda ba gida kusa, bakin rijiya ya cushe, ramukan marina, kashin maƙera da tsingaro da garma ke tonowa, maƙabartar da manomi ke kewaye wa, ba ya nome ta, ko da bai san wa ke kwance ba.

Wani abin kuma a suna ya tsira. Hakimin Ƙanƙara Sarkin Pauwa ake kiransa, Pauwa kuwa tana nan a ƙasar Ƙanƙara, garin da sarautar ta ɗauki sunansa. Hakimin Sabuwa Kogo ne, Birnin Kogo kuma yana yankin Faskari. Duk ranar da maroƙi ya ɗaga murya ya kira waɗannan sarautu, tsofaffin garuruwa yake ambata, ko ya sani ko bai sani ba. In ka bi hanyar Funtuwa ta Sheme da 'Yankara ka shiga ƙasar Tsafe, kana kusa da 'Yandoto, wadda a da take cikin ƙasar Katsina, garin malamai da ɗalibai, har rundunar Muhammadu Bello ta ci shi a farkon shekarun jihadi, malamansa suka watse. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya bi irin waɗannan garuruwa a farkon shekarun 1970, yana zama da dattawa yana rubuta abin da suka riƙe, kafin ya fitar da littafinsa na tarihin Katsina a 1981. Da ya jinkirta shekara ashirin, da yawancin waɗanda ya ji daga bakinsu sun riga mu gidan gaskiya.

A nan muka yi kama da talakawan Angkor fiye da yadda muka yi kama da sarakunansa. Abin da suka zauna a ciki ya narke, namu ma haka. Bambancin kawai su sarakunansu sun bar dutsen da ke jawo baƙo, mu ba mu da shi. Ba wanda zai yanki tikitin dala 37 ya kalli tudun ganuwa a gonar masara. To shin wannan ya rage wa tudun daraja? In darajar kufai kyan gani ne, ya rage. In kuwa darajarsa ita ce mutane sun rayu a nan, sun yi aure, sun yi suna, sun binne 'yan'uwansu, to tudun da ke bayan garinmu da hasumiyar Angkor nauyinsu ɗaya a ma'auni.

Idon da ke son kufai ba kowa

Ga inda haɗarin yawon buɗe ido yake. Mai kallo yana son kufai shiru, fanko, kamar shi ne mutum na farko da ya iso. Wannan sha'awa ta daɗe tana haifar da ƙarya. An daɗe ana cewa wani Bafaranshe mai suna Henri Mouhot ne ya gano Angkor a 1860, alhali Angkor Wat bai taɓa ɓata ba: malaman addinin Buda na zaune a cikinsa, mutanen ƙauyukan kewaye na zuwa ibada, baƙi daga wasu ƙasashe ma sun riga shi zuwa da ɗaruruwan shekaru. Abin da Mouhot ya yi shi ne ya ba Turawa labari. Mu ma mun san irin wannan, tunda an koya mana a makaranta cewa wani Bature ne ya gano kogin Kwara, wanda kakanni ke kamun kifi a cikinsa tun ba a haifi kakansa ba.

Daga cewa wuri ba shi da mai shi, sai hannu ya biyo ido. A 1923 an kama wani matashin Bafaranshe, André Malraux, ya ɓamɓaro sassaƙe-sassaƙe daga wurin bauta na Banteay Srei zai fita da su. Wannan mutum daga baya shi ya zama ministan al'adu na Faransa. A shekarun yaƙin basasar Kambodiya sata ta zama sana'a. Wani dillali ɗan Ingila, Douglas Latchford, hukumomin Amurka sun tuhume shi a 2019 da safarar kayan tarihin Khmer, ya mutu a 2020 kafin a yi shari'a, kuma a ƙarshen 2023 babban gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya amince ya mayar wa Kambodiya kaya 14. Mu ma abin bai tsallake mu ba. A shekarun 1990 an yi ta haƙo mutum-mutumin yumɓu a ƙasashen Katsina da Sakkwato da Nok ana fita da su, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Matashin da ya yi haƙan kuɗin cefane ya samu. Ramin da ya bari kuwa ba zai sake faɗa wa kowa su wa suka yi abin ba, ko yaushe.

Mafi ciwo shi ne abin da ke samun masu rai. Dubban iyalai na zaune a cikin yankin Angkor, wasu tun kaka da kakanni. Daga ƙarshen 2022 gwamnati ta shiga kwashe kimanin iyalai 10,000 zuwa wasu sababbin matsugunai, babba daga ciki shi ne Run Ta Ek. Gwamnati ta ce da yardarsu suka tashi, kuma don kare wurin aka yi. Ƙungiyar Amnesty International, a rahotonta na Nuwamban 2023, ta ce tilasta musu aka yi, kuma an kai da yawa filin da ba gida ba abin yi. Ko wanne ɓangare mutum ya gaskata, abu ɗaya a fili yake: an tayar da gari mai rai don a gyara wa mataccen gari fuska. An yi sabon kufai saboda tsoho ya yi kyau a hoto. Baƙon da ya yanki tikiti bai kori kowa da hannunsa ba, amma abin da idonsa ke so ne aka biya masa.

Kufan da bai huce ba

Me ya sa muke iya kallon Angkor da nishaɗi? Saboda ya huce. Shekara ɗari shida sun shafe kuka da sunayen masu kukan. Kufai kamar garwashi yake, sai ya zama toka ake iya sa hannu a ciki.

Namu sababbin ba su huce ba. Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashe yara fiye da 300, sai bayan kwana shida aka sako su. Watanni kafin nan, a Yunin 2020, an kashe mutane da dama a Kadisau ta ƙasar Faskari. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da namu guda ukun, aka rufe kasuwannin dabbobi. Tsakanin waɗannan ranaku da jaridu suka buga akwai ɗaruruwan dare da ba wanda ya buga, inda ƙauye ya kwashe ya bar rumbu da turmi da makarantar allo. Damina biyu ko uku sun isa su kwantar da katanga. Yaron da aka goyo aka fito da shi, yau yana firamare a cikin gari, bai san hanyar gidan ubansa ba.

Ba mai zuwa yawon buɗe ido a waɗannan wurare, amma akwai mai kallo, kuma mu ne. Bidiyon ƙauyen da aka ƙona kan zagaya WhatsApp da Facebook da TikTok kafin hayaƙi ya kwanta. Mukan kalla, mu ce innalillahi, mu tura gaba, yatsa ya wuce zuwa abin dariya. Wanda ya tsaya ya ɗauki gawa a waya ba tare da tunanin uwar mamacin za ta iya gani ba, da baƙon da ya hau kan wurin ibadar wasu don hoto, cutarsu ɗaya: dukansu abin kallo suka gani inda ya kamata su ga mutane. Baƙon ma ya fi uzuri, tunda nasa mamatan sun daɗe.

Kambodiya tana da darasi a nan ma. Tsakanin 1975 da 1979, mulkin Khmer Rouge ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan biyu. A birnin Phnom Penh sun mai da wata makarantar sakandare kurkuku, wadda ake kira Tuol Sleng, inda aka tsare dubban mutane, 'yan kaɗan suka fito da rai. Yau gidan tarihi ne, kuma da yawa daga masu zuwa Angkor kan biya ta nan. Abin da ke sa baƙo ya yi shiru a wurin shi ne hotunan fuskokin waɗanda aka kashe, jere a bango, kowa na kallonka. Inda aka adana fuska da suna, mai kallo kan ji nauyi. Inda aka rasa su, sai ya ji daɗi kawai. Wata rana, in Allah ya kawo zaman lafiya mai ɗorewa, wani zai zo daga nesa ya ce a nuna masa makarantar Ƙanƙara. Yadda za mu so ya shiga, ya tsaya, ya yi tambaya, shi ne yadda ya kamata mu shiga kufan kowa.

Bashin da ake bin mai kallo

Daga nan amsar tambayarmu ta fito. Zuwa kallon kufai ya dace, har ma abin so ne, amma da bashi a wuyan mai zuwa.

Bashi na farko sani ne. Kafin ka ɗaga waya, ka nemi sanin su wa suka zauna a nan, me suka ci, wa ya ɗauki dutsen, me ya tashe su. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, maganin makantarsa kuwa tambaya. Wanda ya shiga kufai ya fita bai san dalilin tashinsa ba, ya bar izinar a can, ya taho da hoto kawai.

Na biyu ladabi ne. Kusan kowane kufai maƙabarta ce, wani kuma har yau wurin ibadar wasu ne. Girmama wurin ba ya nufin yarda da abin da ake bauta wa a cikinsa. Ladabin baƙo ne a gidan da ba nasa ba, irin wanda muke so wanda ba Musulmi ba ya nuna in ya zo kallon Gobarau. Ba a rubuta suna a bango, ba a ɓamɓari yanki a sa a aljihu, ba a sayi abin da aka san haƙo shi aka yi a ɓoye.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne masu rai su riga duwatsu. Ka dubi wanda ke zaune kusa da kufan, ka tambayi kanka ko zuwanka ya ƙare shi ko ya rage shi. Ka ɗauki ɗan gari jagora, ka ci abinci a wurin 'yar gari, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton fuskar mutum. In ka ji an tashi wasu saboda irinka, kada ka yi kamar ba ka ji ba.

Wani zai ce wannan ya yi yawa. Mutum ya tara kuɗinsa ya fita hutu, sai a ɗora masa makoki? Ba makoki muke nema ba. Jin daɗin abu mai kyau halal ne, dariya a hanya ma ba laifi. Mai zuwa gaisuwar tsohuwar da ta cika shekara ɗari kafin ta rasu yakan yi hira har da raha, amma ya san gidan da ya shiga. Sanin nan shi ne duk abin da ake nema. Kuma ba ya rage daɗin kallo. Wanda ya san cewa hannun mutum ne ya jawo kowane dutse daga tsaunin Kulen ya fi wanda bai sani ba mamaki.

Sauran bashin namu ne na gida, kuma ba ya jiran tikitin jirgi. Mutanen Khmer dutse ya yi musu ajiya shekara ɗari takwas. Mu laka ba za ta yi mana ba. Dattawan da suka san inda ƙofofin tsohuwar ganuwa suke, da waɗanda suka san sunan kowace unguwa a ƙauyen da ya tashi shekara biyar da suka wuce, suna nan tare da mu a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Funtuwa, wasu a sansani, wasu a zauren 'yan'uwa. Wayar da muke tura bidiyon ƙonewa da ita tana iya naɗar muryarsu. Ɗalibi ɗaya da littafin rubutu ɗaya na iya jera sunan gari, da wanda ya kafa shi, da gidajen da ke ciki, da inda rijiya da maƙabarta suke, da iyakar gonaki, da ranar da aka tashi. Wannan rubutu tarihi ne ga jikoki, shaida ce kuma ga ranar komawa, lokacin da za a tsaya ana gardamar gonar wane ta tsaya ina.

Domin babban abin da muke roƙa wa sababbin kufaifanmu shi ne kada su daɗe har su zama abin kallo. Tsohon kufai haƙƙinsa a san shi, a girmama shi, a bar maƙwabtansa su zauna lafiya. Sabon kufai kuwa haƙƙinsa a koma, a yaɓe katanga, a yashe rijiya, a sake jin ƙarar turmi da asuba. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.